Rigar da Aka Ɗinka wa Malam

Baban Fanfo ake ce masa, domin tun gashinsa na baƙi yake aiki a tashar tura ruwa da ke can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, injuna a jere suna kuka wuni guda, sai kujera ɗaya da wani tebur da aka tokare ƙafarsa da bulo. Aikinsa ya duba allurar mita, ya shafa giris, ya kasa kunne ko wani inji ya sauya murya. Ba mai zuwa wurin sai in ruwa ya ɗauke a gari, shi ma mai zuwan ba gaisuwa ke kawo shi ba.

Matarsa ce ta jefa shi cikin karatun. Ita ta ga tallar a wayarta, wai jami'a ce a tafin hannunka, ba aji ba allo, kana ɗakinka digiri zai same ka. An sa hoton wani ƙaton gini mai ciyawa kore shar a gabansa, da matasa suna dariya kamar ba su taɓa jin yunwa ba.

"Ka shiga," in ji ta. "Wuni kake kana kallon ƙarfe. Gara ka kalli malami. Ni ma in samu kwalin da zan rataya a falo, in rufe wancan tsagin na bango."

"Wato don tsagin bango zan koma makaranta da furfura?"

"To, ka gyara tsagin ne na hana ka?"

Bai gyara ba, sai ya shiga. Ba a tambaye shi komai ba, ba jarrabawa ba ganawa. Ranar da ya cike sunansa ranar aka taya shi murnar samun gurbi a fannin sarrafa ruwa, abin da ya kamata ya sa mutum ya tsaya ya sosa ƙeya. Shi kuwa daɗi ya ji, ya ce mutanen suna da saurin aiki.

Da hutun rana yake karatun. Sai ya jingina wayar da kwanon abincinsa, ya danna, Malam ya bayyana. Dattijo ne mai tabarau da 'yar furfura a gemu, murya gare shi mai sanyi, irin wadda in ta ce maka zauna sai ka ji ka zauna. Kullum da abu ɗaya yake farawa.

"Barkanmu da sake saduwa, ɗalibaina."

Sai ya yi shiru, yana kallon mutum ido cikin ido. Baban Fanfo bai taɓa barin shirun nan ya wuce a banza ba. Ai ba a gaishe ka ka yi gum.

"Barka kadai, Malam. Ya gida, ya iyali?"

In ranar hutu ce yana gida, sai matar ta leƙo daga kicin. "Ya amsa maka kuwa?"

"Malami ne. Ba ya son surutu a aji."

Gaskiya darussan ba su cika taɓa injunansa ba. Malam na iya share mako yana bayanin yadda ake kare bututu daga ƙanƙara, ko ya nuna hoton wata na'ura da aka daina yayinta tun Baban Fanfo na yaron aiki. Wani lokacin darasin wannan zangon shi ne na wancan zangon, an sauya masa suna kawai. Amma Baban Fanfo mutum ne mai ba malami uzuri. Ya ce maimaici ai shi ne karatu.

Ƙarshen kowane mako akwai aikin gida. Akwati ne fari a fuskar waya, a nan ake rubuta amsa. Da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma ba ya iya faɗa wa babba magana kai tsaye, don haka sai ya fara da gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, ya ɗan ba da labarin yadda injin tsakiya ya kwana, sannan ya zo kan tambaya. Washegari sai maki ya fito, mai tsoka kuwa, da 'yar magana a ƙasa: "Madalla, aiki ya yi kyau." Wani makon kuma: "Ka yi ƙoƙari, ci gaba da haka." Malam ba mai yawan magana ba ne, amma bai taɓa fashi ba.

Ana tsakiyar karatun matar ta kwanta. Ciwon bai ja ba, kuma bai bar ta ta tashi ba. Mutane suka zo, suka cika gidan da takalma, suka watse. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Uwata, ta zo daga garin da take aure, ta yi 'yan kwanaki, ta wanke tukwane ta kife, ta koma saboda aiki da yara. Gidan ya yi tsit. A tashar ruwa aƙalla akwai kukan inji. A gida sai ƙarar firij, da kujerar matar a gefen tebur wadda ya rasa ko ya ɗauke ko ya bari.

Ranar da ya tuna da makaranta, lokacin miƙa aiki ya wuce tuni. Ya buɗe akwatin. Tambaya ce a kan tankin tace ruwa. Ya dube ta, ya ji ba shi da abin cewa game da tanki. Sai ya rubuta wa Malam gaskiya. Ya ce Malam ya yi haƙuri, bai yi karatu ba, matarsa ce ta rasu. Ya ce ita ta sa shi shiga makarantar nan. Ya ce har yanzu in ya shigo gida sai ya yi sallama, ya tsaya yana jira. Ya ce ya ga gashinta a jikin mataji ya kasa cirewa. Ya yi ta rubutu har yatsan ya gaji, abubuwan da bai faɗa wa Uwata ba don kada ya ƙara mata nauyi, bai faɗa wa maƙwabta ba don namiji ba ya zama ya zazzage cikinsa a bakin ƙofa. Ya tura, ya ce in sifiri ne ma ya cancanta.

Washegari maki ya fito, ya fi na kullum. A ƙasa kuma ga magana da bai taɓa gani ba:

"Mun ga ƙoƙarinka. Kada ka karaya, muna tare da kai."

Baban Fanfo ya zauna a kujerar nan tsakanin injuna ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Wannan bawan Allah, da ɗalibai ko'ina a duniya, ya tsaya ya karanta, ya gane, ya ba shi maki a kan aikin da bai yi ba don kawai kada ya faɗi ƙasa. A cikin duk waɗanda suka ce masa sai haƙuri, ba wanda maganarsa ta shige shi kamar wannan. Ita ya riƙe. Ita ke tashinsa da safe ranar da jiki ya ce a kwanta.

Daga nan Malam ya zama abokin hirarsa. Kowane mako, bayan amsar tambaya, sai ya ƙara da labari: gwiwa ta matsa, ya koyi dafa shinkafa ba ta caɓe ba, jikarsa ta fara tafiya ya gani a waya. In Uwata ta kira, yara na ihu a bayanta, ta ce, "Baba, lafiya dai ko?" sai ya ce, "Lafiya lau, Uwata." Ta ce, "Kai ba ka magana, Baba." Ya ce ai ba labari. Labarin ya riga ya tafi inda ake sauraro.

Abu ɗaya ke damunsa game da Malam: rigarsa. Shekara da shekaru riga ɗaya ce, ruwan toka, wuyanta ya fara zarewa ta hagu, maɓalli na biyu ma ba irin sauran ba ne. Zafi ko sanyi, ita ce. Baban Fanfo ya san abin da wannan ke nufi, domin shi ma ya taɓa zama mai riga ɗaya. Ashe mutumin da ke ɗauke wa wasu nauyi shi ma nasa ya danne shi, bai dai faɗa ba.

Da aka turo masa saƙon cewa ya kammala, kwalinsa na nan tafe, sai ya sayi yadi mai kyau ya nufi shagon telan da ke bakin layinsu, wanda suka saba tun suna samari. Ya ajiye yadin, ya kunna waya, ya tsayar da Malam cak yana ɗaga hannu.

"Wannan za ka ɗinka wa."

Tela ya sauke tabarau, ya dubi wayar, ya dubi abokinsa. "Na auna mai tumbi, na auna mai doro, na auna yaron da sai an danne shi. Ban taɓa auna mutum a cikin waya ba. Ka ce ya fito."

"Kai dai duba kafaɗa."

"Kafaɗar da ba ta kai ɗan yatsana ba? Yana da ƙafafu ma kuwa? Ka taɓa gani?"

"Riga na ce maka, ba wando ba."

Suka yi ta ja. A ƙarshe kofin ruwan da ke kan teburin Malam ya raba gardama. Tela ya ɗauko irinsa, ya gwada faɗinsa da tef, ya ƙiyasta kafaɗa da tsawon hannu, yana yi yana tsaki yana cewa in ba ta yi ba kada a ambaci sunansa. Rigar ta fito tsaf. Aka goge, aka ninke, aka sa a leda.

Adireshin makarantar na can ƙasan shafinsu da ƙananan haruffa, a wani babban gari. Baban Fanfo ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya hau motar safe da ledar a kan cinya, bai yarda a sa ta a but ɗin mota ba. A hanya yana ta shirya abin da zai ce. Ba dogon jawabi ba. Zai ce, Malam, ni ne mai matar nan. Ya san zai gane.

Ya yi ta neman gini mai ciyawa bai gani ba. Mai shagon katifa ne ya nuna masa wata matattakala a gefen shagonsa, ya ce ya hau har sama. A saman, ɗaki ne babba mai sanyin na'ura, an yanka shi ƙananan akwatuna, kowanne da matashi sanye da abin magana a kunne, kowa na cewa, "Ina taya ka murna, ka samu gurbi." Ginin mai ciyawa yana nan kam, a manne a bango, gefensa ɗaya ya fara ɓanɓarewa.

Wata yarinya ce a teburin karɓar baƙi, idanunta duk gajiya. Ta ture abin kunnenta gefe.

"Sannu, Baba. Rajista za ka yi wa yaro?"

"A'a, 'yata. Ni ne ɗalibin, na gama. Wurin Malam na zo, in yi masa godiya."

"Wane malamin?"

Kafin ya amsa sai ya ji muryar. Talabijin ce a bango bayan yarinyar, ga Malam a ciki, da tabaransa da furfurarsa. Amma shuɗiyar riga ce a jikinsa. Abin da ya fara zuwa ran Baban Fanfo shi ne wani ɗalibin ya riga shi, har ya ɗan ji kishi. Sai ya kasa kunne. Malam na bayanin yadda ake wanke rauni kafin a ɗaure. Hoton ya juya, ga Malam kuma cikin riga ruwan ƙasa, yana maganar dokar haya.

"Shi ne wannan," in ji shi a hankali. "Ashe har likitanci ya sani?"

Yarinyar ta waiga, ta dawo da kallonta kansa, ta kalli ledar. Ta rage murya.

"Baba, zauna." Ya zauna. "Wannan ba ya nan. Ni ban taɓa ganinsa ba, tun kafin in zo aka ɗauki bidiyon. An ce da can talla yake karantawa a rediyo. Muryarsa aka saya. Ana rubuta masa ne a allo bayan kyamara, yana karantawa."

"Amma rigarsa... kullum ita ce."

"Kowane fanni da rigarsa, don kada masu haɗa bidiyo su rikice. Ruwan toka na 'yan ruwa ne. Duka naku cikin 'yan kwanaki aka ɗauka."

Baban Fanfo ya ce, "In ya yi gaisuwa yakan tsaya. Yakan jira a amsa."

"Rubutun yake jira ya hau allo, Baba."

Wani daga cikin akwatunan ya sake taya wani murna. Baban Fanfo ya gyara ledar a cinyarsa. Bai damu da talla ba, bai damu da rediyo ba. Mutum na iya karanta talla kuma ya kasance mai zuciya. Abu ɗaya ya kawo shi.

"To, ba komai. Wanda ke duba aikinmu fa? Shi nake nema. Akwai lokacin da na shiga wani hali, ya rubuto mini magana. Ya ce kada in karaya, suna tare da ni."

Yarinyar ta runtse ido kaɗan, kamar wadda ta taka ƙaya. Da ta iya ƙarya da ta yi, an ga alama. Amma ta riga ta fara gaskiya.

"Ka makara da aikin a makon, ko?"

"Na makara."

"Wannan ita ke zuwa wa duk wanda ya makara. Don kada ya bar makarantar. Da kanta take fita."

"Makin fa? Ban amsa tambayar ba, ko kalma ɗaya."

"Na'ura ce, tsawon rubutu take dubawa. In ka cika akwatin, ka samu. Ba mai karantawa, Baba. Da akwai masu dubawa, aka sallame su."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi, domin wurin ya cancanci a ɗaga murya har mai katifa ya ji. Zama ya yi yana kallon tayil. Duk gwiwar nan, duk shinkafar nan, matajin nan, sallamar da ba a amsawa, ashe cikin rijiya yake ta zubawa. Kunya ta kama shi, irin ta wanda ya daɗe yana magana sai ya waiga ya ga ba kowa a ɗakin. Bayan kunyar kuma sai kaɗaici, wanda ya fi na ranar da masu makoki suka watse, domin a ranar yana ganin saura mutum ɗaya.

Yarinyar ta tambayi lambarsa ta ɗalibi, wai ta duba masa maganar kwali. Ya faɗa. Ta danna, ta gangara, sai ta tsaya. Ya ga idanunta suna bin layi. Ta daɗe. Ta sa bayan hannu ta goge hanci.

"Allah ya jiƙanta, Baba," in ji ta. "Allah ya ba ka haƙuri."

"Amin," ya ce. "An kwana biyu ai."

Wani mai taye a wuya ya leƙo daga ƙofar gilashi, ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa. Yarinyar ta gyara zama, ta mayar da abin kunnenta, ta ce ba tare da ta dube shi ba, da muryar da ba tata ba, "Ana so in tambayi duk wanda ya kammala ko yana sha'awar digiri na biyu. Da makinka, ka samu gurbi."

"Na gode, 'yata. Wannan ma ya isa."

Ya miƙa mata ledar, ya ce ko za a ajiye, wataƙila wata rana mutumin ya biyo. Ta ce ba su da lambarsa, ba wanda ya san inda yake. Ya sauko da ledarsa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya shigo layinsu. Ya so ya wuce ta bayan masu kayan miya, amma idon tela ba ya barci.

"Kai, ɗalibi! Ta yi masa?"

Baban Fanfo ya mayar da ledar bayansa. "Ta zauna masa cas."

"Ban faɗa maka ba? Ko a waya ne, hannuna hannuna ne. Me ya ce?"

"Ya ce aiki ya yi kyau."

A bakin ƙofa ya yi sallama, ya buɗe. Ya zauna ya kira Uwata. Ta ɗauka da hayaniya a bayanta, wani yaro na kuka, wani abu na tafasa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Dama cewa na yi..."

"Ka ga, ƙaramin ya zubar mini da mai a ƙasa. In kira ka anjima?"

"To, Uwata. Ba sauri."

Ya ajiye wayar a tebur. Firij na ta ƙararsa. Tsagin bangon na nan inda yake, yana jiran kwali. Ya zare rigar daga leda don kada ta yi layi, ya duba inda zai rataya, bai ga ƙusa ba, sai ya sanya ta a bayan kujerar matar, kafaɗa ta hau kafaɗar kujera daidai. Tela bai yi ƙarya ba, ɗinki ya yi.

Ya ɗauki wayar da niyyar ya goge makarantar gaba ɗaya. Yatsan da ya saba hanya ya danna inda ya saba. Malam ya bayyana cikin rigarsa ruwan toka mai zararren wuya. Baban Fanfo ya jingina wayar da kwalbar gishiri, yana so ya ga abin da idon wanda ya sani. Ga shi kuwa, in ka lura, idon Malam ba kai yake kallo ba, yana ɗan sama da kanka.

"Barkanmu da sake saduwa, ɗalibaina."

Shirun ya zo. Baban Fanfo ya datse baki. Ya san rubutu ake jira. Ya san ba kowa. Ya dubi rigar a kan kujera, ya dubi ƙofar kicin, ya saurari gidan daga wannan bango zuwa wancan. Tun safe ba wanda ya ce masa barka da sake saduwa, kuma har gobe ba mai cewa.

"Barka kadai, Malam," ya ce. "Na dawo lafiya."